Lissafin da ke raba mana hanyar intanet

A watan Oktoban 1986 intanet ta shaƙe. Tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya a Amurka, tazarar yadi 400 kacal, gudun saƙo ya faɗo daga bit 32,000 a sakan zuwa bit 40. Duk kwamfutar da ƙunshin bayananta ya ɓace sai ta sake turo shi, hanya ta ƙara cika, ɓatan ya ƙaru.

Van Jacobson ne ya kawo magani a 1988: a riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan, da zarar ƙunshi ya ɓace a zaftare rabi. A 1989 Chiu da Jain suka tabbatar da lissafi cewa masu bin wannan ƙa'ida, ko ba su san da juna ba, rabonsu zai daidaita. Frank Kelly na Jami'ar Kambirij kuwa, a 1998, kallon kasuwa ya yi wa lamarin: jinkiri da ɓata su ne farashi, kowa ya sayi daidai ƙarfinsa.

Sai dai wannan adalci na maƙwabta ne. Lissafin Mathis na 1997 ya nuna cewa idan lokacin zuwa da dawowar saƙo ya ninka, gudu zai ragu da rabi. Idan ɓata ya ninka sau huɗu, nan ma rabi. To, ina makomar mai waya a Birnin Kebbi ko Argungu? Wayoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3 da Main One da Glo-1 a Legas suke sauka, shi kuwa yana can kwarin Rima, dab da iyakar Nijar. Ga nisa, ga raunin sabis, kuma ƙunshin da raunin ya salwantar, ƙa'idar tana ɗaukarsa a matsayin cunkoso, ta rage masa gudu ba laifin tsaye ba na zaune. A ganina nan ne lissafin farko ya gaza.

Gyara ya zo a hankali. Wani tsari mai suna CUBIC, wanda manhajar Linux ta ɗauka a 2006 kuma wayoyin Android suka gada, da agogo yake ƙara gudu, ba da zuwa da dawowa ba, sai na nesa ya ɗan samu sa'ida. A 2016 Google ya fito da BBR, mai auna faɗin hanya da tsawonta kai tsaye maimakon jiran ɓata, ya ɗora YouTube a kai. Shi ma bai tsira ba: an yi ƙorafin yana danne masu tsohuwar ƙa'ida idan suka haɗu a hanya ɗaya, har aka sake masa fasali sau biyu.