Rasit ɗin Haraji: Shaidar da Kakanni Suka Bar Mana

Jama'ar unguwa, sau nawa aka tambayi yaranmu yaushe kakansu ya sauka Lafiya, suka yi shiru? Wani lokaci amsar tana nan cikin tsohuwar adaka.

Tun kafin zuwan Turawa ana biyan kuɗin ƙasa da jangali a ƙasar Hausa. A 1906 gwamnatin Lugga ta kafa dokar haraji, ta bar tarawa a hannun sarakuna. Mai unguwa ya ƙirga mazajen da suka isa biya, wanda ya biya a yanka masa rasit. Daga 1926 Lafiya ta koma Lardin Binuwai, don haka mai bincike sai ya nemi takardun lardin a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Sai dai rahotannin can galibi jimla suke kawowa. Sunan kakanka, rasit ɗin gida ne zai ba ka.

Amma fa mu lura. Rasit ba takardar mallakar fili ba ce. Abin da yake tabbatarwa shi ne wane ya biya a nan a shekara kaza. Sannan Audu ba ɗaya ba ne a unguwa, dole a haɗa da bakin dattawa, tun suna raye.

Duk mai irin wannan takarda, ya ɗauki hotonta da waya kafin gara ta riga mu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.