Gawayi da Madara: Tarihin Abincin Yara Masu Cutar PKU

A shekarar 1934, wata uwa a birnin Oslo na ƙasar Norwe ta kai 'ya'yanta biyu wurin likita Asbjørn Følling. Dukansu suna da tawayar hankali, fitsarinsu kuma yana da wani irin wari. Da likitan ya ɗiga masa wani sinadari, sai ya rikiɗe ya zama kore. Daga nan aka gano cutar fenilketonuriya, wadda ake taƙaitawa da PKU.

Cuta ce ta gado daga uwa da uba. Hantar yaron ba ta iya sarrafa fenilalanin, ɗaya daga cikin tubalan furotin da ke cikin nama, ƙwai, madara da wake. Sai ya taru a jini ya lalata ƙwaƙwalwa. Likitoci suka shiga tsaka mai wuya, domin yaro ba ya girma sai da furotin, kuma furotin ɗin ne ke cutar da shi.

Mafita ta fito daga Ingila. Louis Woolf, masanin sinadarai a Landan, ya ba da shawarar a narkar da furotin na madara a tace shi ta cikin gawayi, wanda ke riƙe fenilalanin. A 1951, a asibitin yara na Birmingham, Horst Bickel da Evelyn Hickmans da John Gerrard suka gwada hakan a kan wata yarinya 'yar shekara biyu, bayan mahaifiyarta ta matsa musu lamba. Garin yana da ɗaci, amma yarinyar ta fara samun sauƙi. Sai dai ɓarnar da ta riga ta afku a ƙwaƙwalwarta ba ta gyaru ba.

Wannan ya nuna cewa dole a fara tun daga haihuwa. A 1958 madarar Lofenalac ta shiga kasuwa a Amurka. Robert Guthrie kuma ya ƙirƙiro gwajin ɗigon jini daga dunduniyar jariri, wanda jihar Massachusetts ta wajabta a 1963.

Da farko an ɗauka za a iya daina wannan abinci idan yaro ya isa shiga makaranta. Daga baya aka ga waɗanda suka daina sun fi fama da matsalar karatu da natsuwa, aka kuma gano haɗarin da ke kan ɗan tayi idan uwa mai cutar ba ta kiyaye ba. A 2000, taron masana a Amurka ya ba da shawarar a riƙe shi har ƙarshen rayuwa.

Saboda haka iyaye su ɗauki wannan gari a matsayin magani. A raba shi aƙalla sau uku a rana yadda aka tsara, kada a tsallake. A duba kwalin kowane magani ko lemo, domin sinadarin zaƙi na aspartam yana ɗauke da fenilalanin. Kada kuma a rage wa yaro furotin sai da gwajin jini da umarnin likita.