Yadda dawa ke kare kanta daga cutar fumfuna

Idan damina ta yi nisa, manoman Samaru da Jushi a yankin Zariya kan ga jajayen tabo a jikin ganyen dawa.

Da yawa kan ɗauki jan a matsayin ita kanta cutar. Sai dai binciken kimiyya ya nuna cewa jan launin makami ne da shukar ke ƙerawa domin yaƙar fumfunar da ta shige ta.

Cutar da ta fi haddasa wannan tabo ita ce antiraknos, wadda ke yaɗuwa a lokacin ɗumi da laima, inda feshin ruwan sama ke kai ƙwayoyinta daga ganye zuwa ganye. Takan kama ganye da kara da zangarniya.

Batun na da muhimmanci ga Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya.

Gano maƙiyi

Shuka ba ta da jini ko jijiyoyin kai saƙo irin na dabbobi. Jikinta ya ƙunshi miliyoyin ƙananan ɗakunan halitta da ake kira sel, kuma kowannensu na gadin kansa.

A fatar kowane sel akwai wasu sinadaran furotin masu aiki kamar 'yan sintiri. Abin da suke nema shi ne kaitin, wani sinadari da ke bangon jikin fumfuna, wanda babu shi a jikin tsirrai.

A shekarun 2006 da 2007 ne masu bincike a Japan suka gano furotin da ke gane kaitin, na farko a jikin shinkafa.

Da zarar ɓurɓushin kaitin ya taɓa ɗan sintirin, sai sinadarin kalsiyam ya kwarara cikin sel a 'yan mintoci. Daga nan wasu furotin ke miƙa wa juna saƙon bi da bi, har ya isa cibiyar sel ɗin, inda ƙwayoyin gado suke.

A nan ne ake bayar da umarnin ƙara wa bangon sel kauri, da samar da sinadaran da ke narkar da jikin fumfunar, da kuma haɗa guba.

Asirin jan launi

A shekarar 1990, masana a Jami'ar Purdue da ke Amurka suka nuna cewa dawa na tara wannan guba mai launin ja daidai wurin da fumfunar ke ƙoƙarin hudawa.

Ɗaya daga cikin sinadaran shi ne afijenidin, wanda kuma ake samu da yawa a karan dafi, nau'in dawar da majema suka daɗe suna rina jar fata da shi a ƙasar Hausa.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa irin dawa mai juriya na tara gubar da wuri kuma da yawa, yayin da mai rauni kan makara har sai cutar ta riga ta kafu. Wato saurin isar saƙon ne ke raba gardama.

Hanyoyi biyu

Ba duk fumfuna ce ke kai hari iri ɗaya ba. Tsatsa, alal misali, na buƙatar sel mai rai domin ta ci. A kanta shuka kan yi amfani da sinadarin salisilik, ɗan'uwan maganin asfirin, kuma takan kashe 'yan sel ɗin da ke kewaye da cutar domin yunwa ta halaka ta.

Wasu kuwa kashe sel suke yi sannan su ci gawar. A kansu sinadarin jasmonik da iskar etilin ne ke jagorantar kariya.

Hanyoyin biyu kan danne juna, saboda haka ƙarfafa ɗaya na iya raunana ɗayar. Antiraknos na haɗa dabarun biyu: takan fara zama cikin sel mai rai, daga baya ta kashe shi.

Aikin Samaru

Ita ma fumfuna na da nata makircin, domin takan fitar da furotin da ke ɓoye kaitin ko katse saƙon. Wasu tsirrai na da ƙwayoyin gado masu gane waɗannan furotin, amma idan cutar ta sauya kama, kariyar kan rushe.

Haka ta faru da tsatsar alkama ta Ug99, wadda aka gano a Uganda a 1998, ta kuma karya juriyar nau'o'in alkama da dama.

Wannan ne ya sa aikin samar da iri ba ya ƙarewa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, na fitar da irin dawa mai suna SAMSORG, da na gyaɗa SAMNUT, da na masara SAMMAZ, kuma juriyar cuta na cikin abubuwan da ake dubawa kafin a saki iri.

Masana aikin gona na shawartar manoma su haɗa iri mai juriya da sauya amfanin da ake shukawa a gona, da kwashe karan da ya kamu bayan girbi, domin a cikinsa ne fumfunar ke jiran damina mai zuwa.