Fatar Koyoti: Tarihin Fiɗa da Jima a Amurka ta Arewa

Masu binciken tarihi sun saba neman shaida a cikin littattafai, da takardun mahukunta, da bakin tsofaffi. Akwai kuwa wata shaida wadda ba a cika kula da ita ba, watau aikin hannu. Yadda mutum ya feɗe dabba, da abin da ya ɗauka a jikinta, da abin da ya bar wa ungulu, duk suna bayyana matsayin dabbar nan a wurinsa. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin fatar wata dabba ta Amurka ta Arewa mai suna koyoti, a ga yadda fiɗarta da adana ta suka riƙa sākewa gwargwadon bukatar wanda wuƙa ke hannunsa.

Dabbar da sunanta

Koyoti ɗan'uwan kare ne da dila da kyarkeci. Ya ɗara dila girma, bai kai kyarkeci ba, nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 20. Asalin mazauninsa filayen ciyawa ne da busassun ƙasashe na yamma da tsakiyar nahiyar, har zuwa Meziko. Sunan ya fito daga harshen Nahuwatal na Aztek, waɗanda ke ce masa koyotil, daga bakinsu Sifaniyawa suka ɗauka. Wani mashahurin sarkin Teskoko wanda ya rasu a 1472 sunansa Nezahuwalkoyotil, ma'anarsa koyoti mai azumi. A tatsuniyoyin kabilu da yawa na can, shi ne ke riƙe da matsayin da Gizo da dila ke riƙe da shi a namu, ga wayo ga wauta.

Matafiyan nan biyu, Lewis da Clark, sun bayyana kamanninsa a watan Satumba 1804 a bakin kogin Misuri, suka kira shi kyarkecin fili. A 1823 aka buga bayanin da masani Thomas Say ya yi a kansa, wanda ya raɗa masa sunan Latin mai ma'anar kare mai haushi.

Jimar mutanen ƙasar na asali

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a tuna abin da majemi ke yaƙi da shi. Da zarar an kashe dabba, ƙwayoyin ruɓa sukan fara cin fatar daga gindin gashi, in aka yi sakaci gashin ya zube. Shanya da gishiri suna tsai da ruɓa domin suna janye ruwa, amma fatar da aka shanya kawai takan ƙandare, in ta jiƙa kuma ruɓa ta komo. Jima ita ce ke sāke halin zaren fata har ya zauna da laushi. Majemanmu na Kano da Sakkwato suna tuge gashi tukuna, sa'an nan su jiƙa fata cikin ruwan bagaruwa. Mai fatar koyoti kuwa gashin shi ne dukiyarsa, saboda haka duk dabararsa ta tsaya ga yadda zai gyara bayan fata ba tare da ya taɓa gashin ba.

A wurin kabilun filayen ciyawa, irin su Lakota da Shayan, jima aikin mata ne. Mace takan kafe fata a ƙasa da turaku ko ta ɗaure ta a jikin katako, ta kankare nama da kitse da makankarin ƙashi ko na ƙaho. Bayan haka sai ta dama ƙwaƙwalwar dabba da ruwan ɗumi, wani lokaci da hanta da mai, ta shafe fatar. Maiƙon ƙwaƙwalwa yakan ratsa zaren fata ya hana shi mannewa. Daga nan sai aiki mafi wuya, watau ja da murzawa a kan igiyar jijiya har fatar ta bushe tana hannu, gama in aka bar ta ta bushe ita kaɗai sai ta koma kamar ƙirgi. Daga ƙarshe akan turara ta da hayaƙin ruɓaɓɓen itace, shi ne ke sa ko ruwa ya taɓa ta ta koma da laushinta.

Da irin wannan fata ake yin hula, da kwari na kibau, da abin yafawa. 'Yan leƙen asirin yaƙi da maharba sukan lulluɓa da fatar kyarkeci ko ta ɗan'uwansa su yi rarrafe. Mai zane George Catlin ya zana maharba suna kusantar garken ɓauna ta wannan hanya a shekarun 1830. Ba dukan kabilu ne suka yarda da taɓa ta ba: a wurin Nabaho fatar koyoti kayan mayu ce, mutumin kirki yana gudunta.

Fiɗar 'yan kasuwa

Cinikin fatu mai gashi yana cikin abubuwan da suka jawo Turawa cikin nahiyar. An kafa kamfanin Hudson's Bay a 1670, amma idonsa na kan fatar biba, wata dabbar ruwa wadda ake yin malafa da gashinta a Ingila da Faransa. Fatar koyoti ba ta da daraja a lokacin. Sai wajen 1860 zuwa 1885, zamanin da ake karkashe ɓauna, aka sami wasu mutane da suka mai da kisan kyarkeci sana'a. Sukan harbe ɓauna, su barbaɗa gubar sitiriknin a cikin naman, su tafi. Kyarkeci da koyoti da tsuntsaye duk wanda ya ci ya mutu. Da hunturu suke wannan aiki, domin lokacin ne gashi ke cika ya yi kauri. Gawarwakin sukan daskare, sai a tara su har sanyi ya sassauta a feɗe. Daga tasoshi irin su Fort Benton ake loda fatun a jiragen ruwa, su gangara Misuri zuwa San Luwis.

Kasuwa ce ta tsai da irin fiɗar da masu tarko ke bi har yau, wadda ta yi kama da fiɗar salka ko burgami a wurinmu. Akan rataye dabba ta ƙafafun baya, a tsaga daga dunduniya zuwa dunduniya ta ƙarƙashin wutsiya, a zare ƙashin wutsiyar a tsaga ta don kada ta ruɓe. Sa'an nan a janyo fata ƙasa kamar mai tuɓe taguwa, ba a tsaga ciki. Wurin kai ne ake gane gwani, domin sai an yanke gindin kunnuwa daf da ƙoƙon kai, a bi gefen idanu da leɓɓa da hanci a hankali. In an kankare kitse, sai a zura fatar a jikin wani allo mai tsini, gashi a ciki. Idan ta sha iska ta daina danƙo, amma ba ta ƙandare ba, a juya ta gashi a waje ta ƙarasa bushewa a inuwa mai sanyi, nesa da wuta da rana. Ba a sa mata gishiri, gama dillalai ɗanyar busasshiyar fata suke so. Ta haka mafiɗi ya rabu da majemi: jima ta koma masana'antun birane, inda ake aiki da alam da gishiri da ruwan tsami. Abin da mace guda ke yi daga farko har ƙarshe ya zama aikin hannu uku ko huɗu waɗanda ba su san juna ba.

Fiɗar hukuma

Da ɓauna ta ƙare, shanu da tumaki suka maye filayen, sai koyoti ya zama abokin gāban makiyaya. Biyan lada ga wanda ya kashe kyarkeci tsohuwar al'ada ce, tun 1630 aka fara ta a Masacusets. Jihohin yamma suka ɗauke ta suka haɗa da koyoti. A nan fa fiɗa ta taƙaice ƙwarai, domin sau da yawa abin da ma'aikaci ke nema shi ne fatar kai da kunnuwa biyu, shaidar cewa an kashe. Inda aka kawo fata sukutum, akan huda ta ko a yanke wani sashe don kada a sāke karɓar lada da ita a wata gunduma.

A 1915 majalisar Amurka ta ware dala 125,000 domin hukumar binciken dabbobi ta ɗauki maharba. A 1931 aka kafa doka wadda ta ƙarfafa aikin. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shigo da wata guba mai lamba 1080, aka yi ta zuba ta har 1972, lokacin da Shugaba Nixon ya hana sa guba irin wannan a filayen gwamnati. Ladan bai mutu ba: a 2012 jihar Yuta ta sa dala 50 a kan kowane koyoti, shaidarsa kunnuwa da muƙamuƙin ƙasa.

Darajar fatar kuwa ta yi ta hawa da sauka bisa ga yayi. Ta hau a ƙarshen shekarun 1970, ta faɗi a ƙarshen na 1980. Ta sāke hawa bayan 2010, sa'ad da aka shiga yayin rigunan sanyi masu gezar gashin koyoti a bakin hula, aka fi neman fatu masu haske da kauri na Albata da Saskacewan da Montana. A 2021 kamfanin Canada Goose, wanda ya yi suna da irin rigunan, ya ba da sanarwar zai daina aiki da gashin dabba kafin ƙarshen 2022.

Fiɗar masana

Saura hannu na huɗu. Masanin dabbobi yakan auna tsawon jiki da wutsiya da ƙafa da kunne kafin ya sa wuƙa, ya adana fata tare da ƙoƙon kai, ya ɗaura mata 'yar takarda mai ɗauke da wuri da kwanan wata. A dā akan shafe irin waɗannan fatu da gubar asanik don kada asu ya ci su. Wani abin mamaki shi ne, yawancin abin da aka fara sani game da dabbar ya fito daga hannun hukumar da ke kashe ta: littafin da Stanley Young da Hartley Jackson suka fitar a kanta a 1951 aikin ma'aikatanta ne.

A 2018 James Hody da Roland Kays suka tattara bayanan irin waɗannan ajiye-ajiye na gidajen adana kayan tarihi, suka zana taswirar yaɗuwar koyoti. Taswirar ta nuna cewa tun daga wajen 1900, watau daidai zamanin da aka fi tsananta masa, ya yi ta faɗaɗa ƙasarsa, ya kai Alaska da gaɓar tekun Atlantika, ya gangara har Panama. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An kawar masa da kyarkeci wanda ke tsare shi, an sare dazuzzuka sun zama gonaki irin filin da ya saba. Ga shi kuma macen takan haifi 'ya'ya wajen shida, in an rage yawansu abinci ya wadata, 'ya'yan da ke rayuwa su ƙaru.

To, a nan malamin da ke koyar da tarihin sana'o'inmu zai sami abin lura. Fatar da aka jeme ta zama hula ta tsufa ta yage, wadda aka sayar ta bi yayi ta wuce, kunnuwan da aka kai wa hukuma an ƙirga an zubar. Wadda aka rubuta wa wuri da shekara ita ce ta iya ba da labari bayan shekara ɗari. Ga majema nan a Kano da Sakkwato da Maraɗi, da kayan aikinsu da kalmominsu. Wajibi ne a tara su, a rubuta inda aka samo kowane ɗaya da ranar da aka same shi, tun masu sani suna da rai.