Rabin Sakan da Ya Tona Asiri

A 1976, Stuart Feldman na Bell Labs a Amurka ya rubuta Make, manhajar da ke sake harhaɗa shirin kwamfuta idan an sauya wani ɓangarensa. CruiseControl a 2001 da Jenkins a 2011 suka faɗaɗa aikin, har na'ura ta zama ita ke ginawa da gwada kowane gyara. Sannu a hankali, masu rubuta manhaja suka rage leƙa wannan sashe.

Ta nan ɓarawo ya shiga. Wani da ke kiran kansa Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taya Lasse Collin kula da XZ, manhajar matse fayil da Linux ke dogaro da ita. Da ya samu amana, sai ya ɓoye ƙofar sirri cikin fayilolin gwaji, umarnin gini kuma ya dasa ta a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Manufar ita ce SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa.

A Maris 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, yana auna saurin PostgreSQL, sai ya ga SSH na cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima, shiga kuma ta ƙara jinkirin rabin sakan. Ya bi sawu, ya bankaɗo ƙofar kafin ta kai ga galibin kwamfutocin duniya.

Mai sayen hatsi a kasuwar Tudun Wada ta Zariya yakan duba gindin mudu kafin a auna masa. Na'urar gwaji ma mudu ce, kuma wanda ya iya lotsa ta ya gama da kasuwar.