Likita Mila da Zamansa a Ƙasar Zazzau

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. To, ina ga wanda ya baro ƙasarsu, ya zo da wani addini dabam, ya ce zai zauna cikin mutanen da su ke riƙe da nasu tun kaka da kakanni? Labarin irin wannan baƙo mu ke so mu ba 'yan makaranta yau, watau Likita Walter Mila na mishan ɗin C.M.S.

An haife shi a Ingila cikin 1872, ya yi ilmin likita. Da ya ƙudura zuwa ƙasar Hausa, sai ya fara biyawa ta Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa su ke sauka, don ya koyi harshe daga bakin masu shi. A can ya gamu da wani yaro Bakatsine, Audu, wanda ubansa ya rasu a hanyar Makka. Likita bai ce da shi ya fasa niyyarsa ba, sai ma ya taimake shi ya ƙarasa aikin hajji. Yaron nan bai manta da alherin ba, daga baya ya komo wurinsa, ya zama mataimakinsa wajen sha'anin Hausa.

Cikin 1900 Bishop Tugwel ya taso daga Ikko da mutum huɗu, har da Likita, suka nufi Kano. Suka shiga birni ba da iznin mai gari ba. Sarkin Kano Aliyu Babba ya fusata, ya ce su fita, suka fita ba shiri. Suka komo Girku ta ƙasar Zazzau, a nan ɗayansu, Raida, ya rasu, sauran kuwa ciwo ya sa su gaba. Tafiyar ta watse. Abin lura a nan, sun zo da ƙarfin zuciya, amma ba su da aboki ko ɗaya a garin da suka nufa.

Likita bai karaya ba, ya sāke dawowa, cikin 1905 ya sami wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Mai gyambo da mai ciwon ido suka riƙa zuwa, malamai kuma suna zama da shi ana muhawara da Hausa tsantsa. Waɗanda suka bi addininsa a birni kaɗan ne ƙwarai, amma waɗanda suka san shi, suka yarda da maganinsa, suna da yawa.

Cikin 1913 waɗansu daga cikin jama'ar da a ke kira Isawa suka zo wurinsa. Su mabiyan Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano tun zamanin da saboda wa'azinsa a kan Annabi Isa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa makarantar Zariya.

Kada mu ɓoye, Likita mutum ne mai kaifin harshe. Ya yi ta saɓani da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya kuma yi ta sukar Gwamnati a kan yadda ta ke mulki ta hannun sarakuna. Zafin nan ya jawo masa abokan gaba, ya kuwa rufe masa ƙofofin da haƙuri zai iya buɗewa. Cikin 1929 aka fid da mishan daga birni zuwa Wusasa.

Amma aikinsa bai faɗi ƙasa banza ba. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, shi ne kuwa babba cikin masu fassarar. Daga jama'ar nan ta Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a can kuma Janar Yakubu Gawan ya tashi, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Likita bai koma gida ya ƙare kwanansa ba, a ƙasar Jos ya rasu cikin 1952, yana da shekara 80.

To, 'yan makaranta, Musulminku da Kiristanku, wata rana aiki zai kai waɗansunku garin da ba ku da kowa. Ku tuna, ƙofar da aka rufe wa Likita a Kano cikin 1900, gaggawa ce ta rufe ta. Wadda aka buɗe masa a Zariya kuwa, harshen mutane da ya koya, da jinyar marasa lafiyarsu, su suka buɗe ta. In kun je, ku fara gai da masu gari da harshensu, sa'an nan ku faɗi abin da ya kawo ku.