Kaburbura Biyu a Maijirgi

Ya kai mai karatu, in ka bi hanyar Tasawa zuwa Damagaram, ka ɗan tsaya Maijirgi. Nan aka binne Nasara biyu, Voulet da Chanoine.

A shekarar 1899 suka shigo ƙasar nan da sojan Faransa, suna ƙone garuruwa. Kakanninmu kwari da baka gare su, sai 'yar bindigar toka. Kafin mutum ya gama ɗuri, soja ya harbe shi.

Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsai da su. Ran 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori. To, amma bindigogin nan a hannun sojojinsa baƙar fata suke. Ran 16 suka juya su kan Chanoine, washegari kan Voulet.